Amsa: me ya sa fayilolina suka faɗa cikin REFIX/bin?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka rubuta $PREFIX/bin a Makefile ɗinka (fayil ɗin umarnin da manhajar make ke bi wajen haɗawa da girka manhaja), kana girkawa sai ka tarar da fayiloli a wani wuri mai suna REFIX/bin. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Idan babu baka, wato alamomin ( ), make harafi ɗaya kawai take ɗauka bayan alamar $, wato ta nemi wani suna P, ta same shi fanko, ta bar maka REFIX. Rubuta $(PREFIX)/bin.

Tunda kunshin manhaja kake haɗawa, sa PREFIX ?= /usr/local a sama, domin mai girkawa ya iya canza shi, sannan wurin girkawar ya zama $(DESTDIR)$(PREFIX)/bin. DESTDIR shi ke tara fayiloli a wurin wucin gadi kafin a naɗe kunshin, kada ka raina shi. In kuma sunan na shell ne (manhajar da ke aiwatar da umarnin) ba na make ba, sai ka ninka alamar: $$HOME.

Mu nan ƙauyenmu wajen Ringim, da sola muke cajin kwamfuta, shi ya sa kullum nake fara gudanar da make -n. Tana nuna umarnin da za ta bi, sunayen make duk an maye su da abin da ke cikinsu, ba ta aiwatar da su ba. Gwada, ka turo mana abin da ta nuna.