Amsa ga 'yar'uwar da ke son komawa jami'a da yara uku

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun jiya na ga tambayarki, cewa shekarunki 34, yaranki uku, kina koyarwa da takardar NCE, kina son yin digiri amma kina tsoron karatun ba zai ƙara shiga ba, kuma gida zai watse. Sai da na kwantar da yara na samu zama, don maganar ta taɓa ni. Ina da shekara 36 na koma, da goyon wata bakwai a bayana.

Batun kai ki cire shi daga ranki. Makon farko kam na sha wuya, in karanta shafi ɗaya sau uku in rasa me ya ce. Amma kafin zangon farko ya ƙare, yaran ajinmu da na kusa haifa su ke zuwa aron littafina, suna ce mini Anti. Wadda ta shekara goma tana tsayuwa gaban allo ta san abin da malami yake so a takardar jarrabawa. Abin da zai kayar da ke lokaci ne, da rashin tsara gida tun kafin a sayi fom.

Da NCE ɗinki za ki iya neman shiga aji biyu kai tsaye ta JAMB, amma wannan karatun Litinin zuwa Juma'a ne, sai kin samu hutun ƙaro karatu daga wurin aiki. In hakan ba zai yiwu ba, akwai na ƙarshen mako, irin wanda Jami'ar Bayero ke yi a Kano, akwai karatu daga nesa na ABU Zariya, akwai kuma NOUN, wato buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa da ake karatu daga gida, mai cibiyoyi a jihohi. Ƙanwata NOUN ta yi, a waya take sauke darussa, ta yi aikin gida na maki 30, jarrabawa ta ɗauki 70. Ita da can mai son karatu ita kaɗai ce, ya yi mata daidai. Ni na san halina, in ba malami a gabana ba zan buɗe littafi ba, shi ya sa na zaɓi na ƙarshen mako. Ki kuma sa yajin aikin malaman jami'a a lissafinki, na 2022 wata takwas ya ɗauka. Hidimar ƙasa kuwa kada ta dame ki, wanda ya haura 30 lokacin kammalawa takardar yafewa ake ba shi.

Kuskuren da na yi, don Allah kada ki maimaita. Da baki na gaya wa shugabanmu na wurin aiki zan fara karatu, ya ce Allah ya ba da sa'a, na ɗauka shi ke nan. Da na kai takardar digiri don ƙarin girma aka tambaye ni ina takardar izinin karatu. Babu. Kusan shekara biyu ina zirga-zirga a ofis kafin a gyara. Ki rubuta, a buga hatimi, ki ajiye kwafi a ƙasan akwati.

Sai gida, wanda shi ne asalin maganar. Kin ce maigida ya amince, alhamdulillah. Amma "na amince" daban, ranar Asabar da zai dawo ya tarar ba a ɗora tukunya ba daban. Ki zauna da shi ku yi ta dalla-dalla: wa zai kai yara Islamiyya, wa zai riƙe ƙaramin, me za a ci makon jarrabawa. Ni daren Alhamis nake yin miya mai yawa in soya, ta kai mu Lahadi. Na je har ɗaki na durƙusa na gaya wa surukata da kaina, ban bari ta ji a bakin mutane ba. Ita ce daga baya take karɓar yarinyar tun bakwai na safe, tana cewa in tafi kada in makara. Allah ya jiƙanta, ba ta ga ranar yaye mu ba.

Karatuna na bayan sallar Asuba ne, awa ɗaya da rabi kafin gida ya tashi, sau da yawa da fitilar waya. Na dare ban taɓa cin moriyarsa ba, barci ke sace ni a kan littafi. Biki da suna na rage sosai, wasu sun yi fushi, na bi su da haƙuri daga baya. Kuɗin makaranta kuma adashi na shiga, na roƙi uwar adashi ta sa kwasata ta faɗo watan rajista.

Akwai zangon da ɗana ya kwanta asibiti ana gobe jarrabawa, na faɗi darasi ɗaya, na yi kuka a bakin gadonsa, na sake shi a shekarar da ta biyo baya na ci. Ki faɗa mini garin da kike da fannin da kike so, in gaya miki takardun da za ki fara haɗawa.