Ƙaguwa na cinye abinci ta fice daga tarko: ina matsalar take?

TAMBAYA: Ina kamun ƙaguwa a ruwan Badagry da gura irin ta kifi. Kullum da safe in tarar an cinye abincin tas, amma bai fi ƙaguwa biyu ko uku a ciki ba. In ƙara abinci ne? (Mai karatu daga Legas)

AMSA: Malam, kada ka ƙara, ƙaguwar kawai za ka yi ta kiwo. Gura ɗaki ɗaya ce, wadda ta ƙoshi sai ta lallaba ta bi ta inda ta shigo.

Masunta a mashigin Chesapeake na Amurka, inda ake kama 'yar'uwar ƙaguwar Legas, akwatin waya suke ƙerawa, kowane gefe wajen santimita 60, su raba shi sama da ƙasa. Abincin, galibi kifi mai maiƙo, yana cikin wani siririn kejin waya a tsakiyar ɗakin ƙasa, yadda za ta ji ƙamshi ta tsakura amma ba ta janye shi ba. Ƙaguwa in ta ji an tsare ta, sama take nufa. Shi ya sa ake barin tsaga a rufin da ya raba ɗakunan: ta haye, hanyar dawowa ta ɓace mata.

Sai ƙofofi, biyu ko huɗu, kamar mazurari, kusa da ƙasa. A kaikaice ƙaguwa ke tafiya, jikinta kuma faffaɗa ne, don haka bakin ƙofar ta ciki ya zama shimfiɗaɗɗe, ba zagaye ba. In ya yi faɗi da yawa za ta fita, in ya matse manyan su tsaya a waje, kuma su ne kuɗin.

A ɗakin sama ana huda jikin wayar a saka zobe mai faɗin kusan santimita 6 don ƙanana su zare jiki ta cikinsa. Kai ka auna naka da girman da kasuwarka ke saye. In aka bar su tare, manyan na cinye ƙanana.

Ɗaura rodi a gindi, in ba haka ba igiyar ruwa ta kifar da tarkon ƙofofin su toshe da laka. Wayar ta zama mai rufin roba, don ruwan gishiri ba ya raga wa ƙarfe. Gefe ɗaya kuma ka ɗinke shi da zaren auduga: in tarkon ya ɓace, zaren ya ruɓe, abin da ke ciki ya fita.