Hukuncin yi wa mai ciwon damuwa magani da na'urar maganaɗisu

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, nan Legas. Ƙanwata ta shekara biyu tana fama da ciwon damuwa tun rasuwar mijinta. Ba ta barci, ba ta cin abinci sai an matsa mata, sallah ma sai an tashe ta. An yi ruƙya, an je asibiti, an canza mata magani sau biyu, amma sauƙin bai taka kara ya karya ba. Yanzu likita ya ce a gwada wata na'ura da ake ɗora wa mutum a ka, tana aika maganaɗisu cikin ƙwaƙwalwa. Baffanmu ya ce bai yarda ba, wai taɓa ƙwaƙwalwa canza halittar Allah ne, kuma abin da ke damunta iska ce. Shin ya halatta? Idan kuma ya faɗo cikin azumi, yana karya shi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba ƙanwarka lafiya, Ya jiƙan mijinta, Ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da ita.

Malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san yadda yake, don haka da bayanin na'urar za mu fara. Likitoci suna kiran wannan hanya TMS a taƙaice. Wani masani mai suna Anthony Barker ne ya fara nuna aikinta a Sheffield ta ƙasar Ingila a 1985, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka kuma ta amince da ita a 2008 don masu ciwon damuwa da ƙwayoyi ba su yi musu aiki ba, sannan a 2018 ta ƙara da ciwon waswasi. Majinyaci yakan zauna a kujera idonsa biyu, a toshe masa kunne saboda ƙarar ƙas-ƙas da na'urar ke yi, a jingina masa wata naɗaɗɗiyar waya a goshi ta ɓangaren hagu, daidai wurin da aikinsa ke yin sanyi ga mai wannan ciwo. Maganaɗisun yana ratsa ƙoƙon kai ya zaburar da jijiyoyin wurin. A ranar farko likita yakan gwada ƙarfin a wani gefe na kai har sai babban yatsan majinyacin ya motsa da kansa, da wannan yake sanin gwargwadon da ya dace da shi. Ba a tsaga fata, ba a yin allurar barci, kuma ba ita ce jona lantarkin nan da mutane suka sani tun da can ba, wadda ake sa mutum barci a jawo masa jijjiga da gangan.

Hukuncin wannan magani shi ne halas. Imamu Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar da maganinta. A hadisin Usama bin Sharik, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, ya umarci bayin Allah su nemi magani, bai keɓe komai ba sai tsufa. Abin da aka hana shi ne magani da haram, a nan kuwa babu najasa, babu abin maye, babu surkulle. Maganaɗisu halitta ce daga halittun Allah, sababinsa a fili yake, ana iya auna shi. Dalilin da ya fi kusa da mas'alarka shi ne hadisin Nana A'isha a Buhari da Muslim: idan aka yi rasuwa a danginta takan sa a dama talbina, wani kunu na sha'ir, ta ce ta ji Manzon Allah yana cewa tana kwantar da zuciyar mara lafiya, tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Ga shi an yi wa baƙin ciki magani ta hanyar jiki, a gidan Annabta, ba wanda ya ce wannan raunin imani ne.

Maganar baffanku kuwa, a karɓe ta da ladabi, domin tsoron Allah ne ya sa shi faɗinta, amma ba ta faɗa gurbinta ba. Canza halittar da aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta zarga shi ne jirkita abin da yake lafiyayye don bin son rai. Mayar da gaɓar da ta samu tangarɗa kan aikinta gyara ne, kamar ɗorin karaya ko cire yanar ido. Batun iska ma bai hana komai ba. A ci gaba da ruƙya ta shari'a, da addu'a, da azkar, a kuma bi likita, domin biyun ba kishiyoyi ba ne. Abin da nake gani yana cutar da mutanenmu a Agege da Idi-Araba shi ne a shekara ana yawo da majinyaci daga wannan mai magani zuwa wancan, saboda kunyar kada a ce an gan su a asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, har ciwon ya yi nisa.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka, kuma sai da izinin majinyaci matuƙar yana cikin hankalinsa. Saboda haka yardar ƙanwarka ce abin lura, ba ta baffa ba, ba kuma taka ba. Idan har ta fara ambaton gajiya da rayuwa ko son kashe kanta, to a ranar za a sanar da likita, ba a jira zaman dangi.

Sharaɗin halascin shi ne ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ya duba ta ya ce ta dace, domin hadisi ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi likitanci ba da sani ba, kuma ƙa'ida ce cewa ba cuta ba cutarwa. Yawanci abin da ke biyo baya ciwon kai ne da zafi a fatar wurin, amma nadiran yakan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Don haka haramun ne a ɓoye wa likita idan tana da farfaɗiya, ko akwai ƙarfe a kanta, kamar na'urar ji da ake dasawa a kunne ko ɓarɓashin harsashi. Kada kuma ta ajiye ƙwayoyinta sai da umarninsa. Ku sani ba kowa yake warkewa da ita ba, kuma aikin kwana biyar ne a mako har tsawon mako huɗu zuwa shida. Wanda ya san cunkoson Legas da nauyin aljihu ya kamata ya yi wannan lissafi kafin a fara.

Azumi ba ya karyewa da ita, domin ba abin da ke shiga ciki, alwala ma haka, tun da hankali bai gushe ba. Idan jijjiga ta zo har ta suma, sai ta sake alwala. A nemi mace ta yi mata aikin idan akwai. In babu, ya halatta namiji ya yi, ta buɗe iya wurin da ake buƙata bayan ta cire allurar mayafi da duk wani ƙarfe da ke gashinta, kai ko wata 'yar'uwa kuma ku kasance tare da ita a ɗakin. Wallahu a'alam.