Sani, kafin ka je Haarlem ka zubar da kuɗinka

Sani na ga saƙonka tun jiya da daddare, ban amsa ba ne don raina ya ɓaci. Ka ce ka ga tsohon keken tsere Gazelle Champion Mondial a Marktplaats, shafin saye da sayarwa na intanet, wani mutum a Haarlem ta nan Holan yana neman yuro 220, ya rubuta wai duk kayan jikinsa Campagnolo ne, na kamfanin Italiya nan mai tsada, kana tambaya ko ka saya ka yi masa sabon fenti ka sayar ka ci riba. Hotunan da ka turo min duk daga nesa aka ɗauke su, a ɗaya ma kyanwar mutumin ta fi keken fitowa, kuma a haka kake so in ce maka saya ko kar ka saya, ni boka ne?

Keken dai in na gaskiya ne ba abin rainawa ba ne. A Dieren ake ƙera Gazelle, kamfanin tun 1892 yake, sunan Champion Mondial kuma ya biyo bayan gasar duniya da Harm Ottenbros ya ci a Zolder ta Beljiyam a 1969 a kan keken su. Ƙarfen Reynolds 531 ne na Ingila, da hannu ake haɗa shi, bututu a cusa cikin soket a like da tagulla, shi ya sa keken da ya girme ka nesa ba kusa ba har yau in ka hau shi ka taka za ka ji yana amsa maka. Ka ɗauki abin awo ka auna sandar sirdi, kaurin milimita 27.2 ya kamata ka gani, in ka ga 25 da wani abu to bututun famfo ne aka manna wa sitika. Sitikar 531 ɗin nan ana buga ta sabuwa fil ana sayarwa a intanet, ko ƙaninka zai iya mannawa. Ka juya keken ka karanta lambar da ke ƙarƙashin gindin feda, ka bincika ta a rajistar kekunan sata kafin ka taɓa aljihunka, ka san dokar garin nan, wanda ya sayi na sata shi ma ya shiga uku, kuma ba da sunan shagona ba. Yadda ake duba cen da boris da taya ba zan ɓata yawuna ba, in har yanzu ba ka iya wannan ba to ka koma wankin kwano a gidan abincin da na ɗauko ka.

Amma maganar nan ta wai duk Campagnolo ne, ita ta tayar min da tsohon miki.

Lokacin ba a daɗe da daina kashe gilda, kuɗin Holan na da, an koma yuro ba, wata tsohuwa ta kira ni daga unguwar Jordaan ta Amsterdam, mijinta ya rasu, tana so a kwashe mata tarkacen da ke ɗakin ajiya. Na je ina tsammanin keken zuwa kasuwa ne irin baƙin nan mai nauyi, ina ɗaga bargo sai ga keken tsere ƙirar RIH, kuma na titin Westerstraat, wanda aka ƙera a wannan ɗan shagon na 'yan uwan nan Bustraan da suka fara ƙera keke tun 1921, ba na masana'antar Venlo ba da su ma suke buga sunan RIH a jikin keke. Ja ne mai duhu, fentinsa na asali, ya ɗan koɗe a inda gwiwar marigayin ke gogawa. Komai na jikinsa Nuovo Record, samfurin Campagnolo mai daraja, giyar baya an buga mata PATENT 74, a bayan hannun feda akwai lamba 4 a cikin ɗan zane mai siffar lu'ulu'u, alamar 1974, wato komai shekararsa ɗaya, ba wanda ya taɓa canza ko noti. Ban cuci matar ba, Allah ne shaida, na gaya mata abin da ke hannunta na biya ta fiye da abin da ta nema, har ta haɗa min kofi ta ɗauko hotonsa yana tsere tun yana saurayi.

Duk sanyin shekarar nan a kan keken nan na ƙare. In na rufe shago sai in zauna da shi, na warware shi ɗaya bayan ɗaya, na wanke boris na sa sabon giris, na sake ɗaure sifok ɗin ƙafa biyun da hannuna. Hannun fedan Nuovo Record yana da wata cuta, akwai wani siririn gefe mai kaifi a inda hannun ya haɗu da yatsun da ke riƙe farantin cen, daga nan yake fara tsagewa, to sai na sa ƙaramin magagari na goge wajen na zagaye shi, kuma ni bahago ne ka sani, gugar tawa tana karkata ne ta gefe ɗaya. Riƙe wannan a ranka.

Da bazara ta shigo na rataye shi a taga. Sai ga wani mutum, dogo, kwat mai tsada, tabarau, magana a hankali, ya tsaya ya daɗe yana kallo har da share ido wai babansa irin wannan yake hawa, da shi yake kai shi bakin teku ranar Lahadi. Ya tambaye ni daga ina nake na ce Kano, ya ce ai ya san Najeriya ya taɓa aiki a Fatakwal, har da ce min sannu. Ni kuma da ma ban so sayarwa ba amma ya yi ta zuwa yana dawowa, ƙarshe na rage masa na ba shi, don na ce gara ya je hannun wanda ya san darajarsa. Ya biya lakadan, ya tura shi da hannu ya fita, ko hawa bai yi ba wai kar ya ɓata taya.

Ranar Juma'a ta sama, daidai lokacin da ya san ina tafiya masallaci, don ya taɓa zuwa ya tarar na fita, sai ya dawo da keken. Yaron da ke wurina a lokacin wani ɗan Kumasi ne, shekarunsa kamar naka yanzu, shi ma kansa kullum a sunkuye, ku waya mai hoto ce ta cinye ku shi kuma wasan macijin Nokia. Mutumin ya ce masa keken ya yi masa gajere bayansa na ciwo, likita ya hana shi, a cire yuro hamsin na ɓata lokaci a ba shi sauran. Yaron ya kira ni ina bakin ƙofar masallaci, na ce ka duba keken lafiya yake? Ya ce Oga lafiya lau ko ƙwarzane babu, na ce to ba shi kuɗinsa. Ya ba shi. Ya mayar da keken taga ya koma kan macijinsa.

Ina dawowa tun daga tsallaken titi na ji wani abu bai zauna min ba, hasken ƙarfen ba shi ba ne. Na shiga na sauke shi. Giyar baya Campagnolo ce, eh, sunan na nan rangaɗau, amma Nuovo Gran Sport ce, ta talaka, mai kaushin ƙira. Hannun feda Gran Sport. Ƙafa biyun da na ɗaure da hannuna babu su, ya sako wasu masu cibiyar Tipo, ita cibiyar Record tana da ɗan ramin zuba mai a tsakiya da baƙin ƙarfe da ke rufe shi, waɗannan sumul suke. Har sandar sirdi ya canza, kuma da yake tasa ta fi siriri sai ya ɗaure notin da ƙarfin tsiya har kunnen firam ɗin ya matse ya tsage fenti. Wannan ya fi komai yi min ciwo wallahi, kaya ana iya nemo wasu, amma firam ɗin da ya yi shekara kusan talatin a hannun mai shi ba tabo, ɓarawo ya ji masa rauni a mako ɗaya. Duk Campagnolo ne. Ai bai yi ƙarya ba ko?

Lambar wayar da ya bari ba ta shiga, sunan da ya rubuta a rasit ma ba na jin nasa ne. Na kori yaron ranar, daga baya kawunsa ya zo da manya aka ba ni haƙuri na mayar da shi, bai ƙara wata uku ba ya gudu ya koma rarraba jarida.

Ba a nan ta tsaya ba. Da kaka na je kasuwar 'yan tsofaffin kekuna da ake ci a wani zauren wasanni can kudu, ina zagayawa tebur tebur sai ga mutumina zaune, ba kwat ba tabarau, ya shimfiɗa kaya a kan jan ƙyalle kowanne da farashinsa. Na ɗauki wani hannun feda na juya bayansa, lamba 4 cikin lu'ulu'u, na kai shi kusa da ido, ga gugar magagarina nan ta bahago ta karkata yadda na bar ta. Na ce masa ka gane ni? Ya dube ni sama da ƙasa ya ce bai taɓa ganina ba. Na ce wannan aikin hannuna ne, ya yi murmushi ya ce ina shaida. To ina shaidar? Firam ne ke da lambar shaida tasa shi kaɗai, giya da feda ba su da irinta, wa zan kai wa ƙara in ce ku zo ku ga inda na goge da magagari? Mutane sun fara taruwa, ni baƙo shi ɗan gari, na san yadda za ta ƙare in na ɗaga murya, na ajiye masa kayan na fita ina rawar jiki. Kuɗin da ya sa wa hannun fedan da ƙafa biyun kaɗai ya kusa abin da ya biya ni na keken gaba ɗaya. Har gobe ban yafe ba, kuma kar wani ya zo min da wa'azi.

Saboda haka in mai Haarlem ya ce Campagnolo, ka ce wanne, Super Record ko Nuovo Record ko Gran Sport ko Triomphe, ya ɗauko maka hoton giyar baya dab da dab ka karanta abin da aka buga, ya juya hannun feda ka ga lambar, na shekarun 1970 cikin lu'ulu'u take, na farkon 1980 cikin da'ira. In firam na 1978 ne kayan kuma kowanne da tasa shekarar to an riga an yi masa fashi, ka saya a kuɗin firam kawai. Kuma a yuro 220 ni ban yarda cikakken Record ba ne, mutanen nan ba wawaye ba ne, su ma suna da intanet, tun da aka fara wannan hawan na Eroica a Italiya da ba a shiga sai da keken 1987 ko kafin nan, mai giya a jikin bututu da igiyar ɗaure ƙafa a feda, kowane tsoho ya san abin da ke garejinsa.

In ka je, kafin gaisuwa ta yi nisa ka sa yatsa ka shafa ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa dab da wuya, in ka ji ɗan ƙulli ko fenti ya tattare to keken ya taɓa dukan mota ko bango, ka juya ka kama hanyar tasha. Ka tsaya a gefe ka kalli fok ko ya koma baya. Ka tafi da makullinka ka kwance sandar sirdi ka ga tana motsi, in alminiyam ya kama ƙarfe ya yi shekaru cikin damshin ƙasar nan sai dai soda ta narkar da shi, kuma kai za ka yi ba ni ba. Gishirin da suke watsawa a titi da sanyi daga ciki yake cin bututu, ka duba bayan gindin feda da kyau, in ka ga fenti ya yi ƙuraje ka danna da farce.

Kuma ka daina ɗauka duk abin da aka rubuta wa sunan Holan a Holan aka ƙera shi. Koga Miyata da ku yara ke rububi, kamfanin na Heerenveen ne, Andries Gaastra ya kafa a 1974, jikan wanda ya kafa kamfanin keken Batavus, amma a lokacin firam ɗin daga Japan yake zuwa, kuma ba aibu ba ne, aikinsu tsaf yake, a kansa Peter Winnen ya ci zangon dutsen Alpe d'Huez na gasar Tour de France a 1981, kuma kayan Shimano na jikinsa ba mai wahalar da kansa ya sace. Kekunan Concorde na ƙungiyar 'yan tsere ta PDM yawanci a Italiya aka haɗa su, tiredin gindin fedansu na Italiya ne, ka tura masa na Ingila da ƙarfi ka kashe firam. Shi kansa Zoetemelk da ya ci Tour de France a 1980 a kan Raleigh ya ci, Rali dai da ka sani, irin sunan da ke jikin keken da na koyi faci a kansa a Kano, na Ingila ne, ƙungiyar ce ta 'yan Holan.

Maganar fenti kuwa kar in sake ji. Ku yaran yanzu komai sai ya yi ƙyalli don a ɗauka a hoto, ku sami keken da ya tsira shekara arba'in ku kai a watsa masa yashi a fesa masa kalar alewa, wasu ma har su sa zarto su yanke maratayin giya wai suna son mai giya ɗaya, na ga Champion Mondial da aka yi wa haka na kusa kuka. Mai tara kekunan nan fentin asali yake biya, da ƙwarzanensa da komai, kana fesa sabo ka zubar da rabin kuɗin kuma ka sa ana zargin akwai abin da ka ɓoye. Ruwan sabulu, tsumma, ɗan man goge mota, shikenan.

Ka ce wa mutumin ya turo hotunan yau, na giyar baya da bayan feda da lambar ƙasa da kunnen sirdi, ka nuna min kafin ka sayi tikitin jirgin ƙasa. Gobe kuma ƙarfe takwas nake son ganinka ba tara ba, Batavus ɗin matar nan mai kare yana nan tun Talata ba ka taɓa birkinsa ba.