Zanen Alaƙa da Tarihin Malaman Katsina

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina karatun digiri na biyu a fannin tarihi, kuma bincikena ya shafi malaman birnin Katsina na ƙarni na 17 da na 18. An ba ni shawarar in yi amfani da nazarin alaƙar jama'a ta kwamfuta. Shin zai amfani mai aiki da tsofaffin takardu, ko kuwa na masu nazarin Facebook ne kawai? Daga wata ɗaliba, Ƙofar Sauri, Katsina.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Wannan hanya ta girmi Facebook nesa ba kusa ba, domin tun a 1934 Jacob Moreno ya wallafa zanen da ɗigo ke wakiltar mutum, layi kuma ke wakiltar alaƙa. A 1993 John Padgett da Christopher Ansell suka bi diddigin auratayya da cinikayya tsakanin manyan gidajen birnin Fulorens na Italiya, suka nuna cewa ƙarfin gidan Medici ya samo asali ne daga kasancewar gidaje da yawa ba sa saduwa sai ta hannunsa.

A ganina hanyar ta dace da tarihinmu ƙwarai, saboda malamanmu sun daɗe suna rubuta isnadi, wato jerin malaman da karatu ya biyo ta hannunsu, da ijaza, wato izinin karantarwa da malami ke ba almajiri, har Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukhi, ya jera waɗanda ya yi karatu a wurinsu. Ki buɗe jadawali, ki sa malami a layin tsaye na farko, almajiri a na biyu, sannan littafin da aka karanta da takardar da ta shaida haka. Manhajar Gephi, wadda kyauta ce, za ta zana miki su, ta kuma nuna wanda ya zama mahaɗa tsakanin zaure da zaure ko da sunansa bai shahara ba. Kada ki tsaya a ganuwa, tunda Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi, a Alƙahira ya rasu a 1741.

Sai dai ki kula da sunaye. Wali Ɗan Marina shi ne Ibnus Sabbag a takardun Larabci, kuma idan ba ki haɗe sunayen ba, kwamfuta za ta ƙirga mutum biyu. Haka kuma kada ki cakuɗa karatu da surukuta ko musayar wasiƙa a layi iri ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda alƙalami ya tsallake: matan da suka karantar a cikin gida da malaman allo, waɗanda zanen zai nuna kamar ba su taɓa rayuwa ba. Saboda haka bayan kin gama da Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi, da ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna, ki shiga Masanawa da sauran tsofaffin unguwanni, ki zauna da dattawan gidajen malamai, ki kuma bambanta launin layin da ya fito daga baki da wanda ya fito daga takarda.