Kada ka bari a ɗora allunan nan a sikeli

Wani ɗan kasuwa daga Jos ya aiko da tambaya. Yana share sito a shagon marigayi mahaifinsa da ke titin Bauchi, sai ya tarar da tsofaffin allunan ƙarfe da fastocin tallan lemo na Coca-Cola da Fanta da 7Up. 'Yan gwangwan sun taya a kilo. Ya sallama ne, ko ya yi musu fenti ya nemi kasuwa?

Alhaji, Allah ya jiƙan baba. Duka biyun ban ba ka shawara ba. Ɗan gwangwan nauyin ƙarfe yake saye, masu neman irin kayan nan kuwa tsufansu suke biya. An fara zuba Coca-Cola a kwalba a Legas a 1953, 7Up kuma ranar 1 ga Oktoba 1960. Allunan da aka raba wa masu shaguna a shekarun nan, rana da ruwan sama sun cinye mafi yawa, wasu kuma an narkar. Ka duba naka da kyau. In ka ga farashi da sule ko sisi, to ya girmi 1973, shekarar da naira ta shigo. Mai hoton 'yan Najeriya ya fi wuyar samu, ka ware shi gefe.

Fenti shi ne abin da na fi ji maka tsoro. Da ka shafa, ka shafe shaidar tsufan, mai saye zai ɗauka jabu ne, don jabun sun yi yawa. Tsumma mai laushi ya isa, tsatsar ma ka bar ta. Na takarda kada a manna musu leda ko salatif. Ka shimfiɗe su a wuri busasshe, ka san daminar Jos da danshi.

Masu sayen ba su da yawa: masu gidajen abinci da otal a Wuse da Maitama na Abuja da ke ƙawata bango, sai masu tara kayan da a intanet. Ka ɗauki hoton gaba da baya, ka rubuta tsawo da faɗi, ka nemi tayi daga mutum uku aƙalla. Ka fara sayar da guda ɗaya ka ga yadda kasuwar take.

Amma kada ka cire jarin shago ka shiga bin ƙauyuka kana saro su. Kaya ne mai kwantai, allo ɗaya sai ya yi watanni ba a taya ba. Kada kuma ka buga sababbi ka sayar, tambarin na kamfani ne.