Wane mai zan shafa wa kwanson harsashi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jidda, ina da bindigar farauta mai sakata (ƙarfen da ke kulle harsashi a ciki), mai cin harsashin .308, da lasisinta. Tun fitarmu ta ƙarshe sakatar ke yin tauri wajen ɗagawa bayan harbi. Wani abokin farautarmu ya ce in riƙa shafa wa harsasai mai kafin in ɗura, har ya nuna mini bidiyon Amurkawa masu sake cika kwanso suna fesa musu mai. Na gwada da man keken ɗinki, sai taurin ya ƙaru, gindin kwanson kuma ya fito da wani tabo mai ƙyalli. Hankalina ya tashi domin ɗana yakan tsaya kusa da ni. Wane mai ne ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka sake harba bindigar nan sai an duba ta, harsasan da ka shafa wa mai kuma ka ware su gefe.

Man da ka gani a bidiyon yana da aikinsa. Mai sake cika harsashi yana tura kwanson da aka harba cikin wani ramin ƙarfe da ke matse shi ya koma girmansa na asali. Kwanso mai kafaɗa, wato inda yake tsukewa kusa da baki, irin na .308 in ya shiga a bushe, maƙalewa yake yi har gindinsa ya tsinke. Shi ya sa suke shafa masa kakin Imperial da yatsa, ko su fesa Hornady One Shot, ko su sa na RCBS mai wankuwa da ruwa, wasu kuma su haɗa lanolin, maiƙon ulun tumaki, da alkohol. Kaɗan ake sawa a jiki, a kauce wa kafaɗa, domin in ya yi yawa kwanson yakan loɓa a wurin. Abin da abokinka bai tsaya ya kalla ba shi ne, da zarar kwanson ya fito daga matsi ana goge man nan tas kafin a kai ga cikawa. Kuma a nan Saudiyya lasisin riƙe bindiga ba izinin haɗa harsashi ba ne, don haka kada bidiyo ya ja ka taka dokar Ma'aikatar Cikin Gida.

Yanzu mu zo kan maganar da na gaji da ji a bakin mafarauta, wai mai yana sa harsashi ya shiga sumul ya fita sumul. Wallahi wannan magana tana iya raba mutum da idonsa.

Lokacin da ka danna kunama, albarushin da ke cikin .308 yana iya tayar da matsin da ya kai bar 4,150 (bar ma'aunin matsi ne) bisa ƙa'idar CIP, hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da gwajin bindigogi. A wannan ƙiftawar ido tagullar kwanson tana kumbura ta manne da bangon mazaunin harsashi, ta damƙe shi. Damƙar nan ce ke ɗauke wani kaso na ƙarfin da ke turawa baya, ta kuma toshe hanyar iskar wuta. Ka sa mai, ka kashe damƙar. Kwanson sai ya zame ya daki fuskar sakata da dukan nauyinsa, nauyin da ya haura tan 3, alhali fuskarka tana bayan sakatar da ɗan tazara kaɗan. Tabon ƙyallin da ka gani tagulla ce ta matsu cikin ramin da ke fuskar sakata, ita ce kuma ta ƙara maka taurin. Sojojin Ingila da gangan suke shafa wa harsashin gwaji mai idan suna son auna ƙarfin sakatar bindigarsu ta .303 a masana'anta, domin sun san shi ne ke ɗora mata nauyi mafi tsanani. Abin da suke yi don gwaji, ba kowa a bayan bindigar, shi ake ce maka ka yi kullum da kumatunka a jikinta.

Wani zai ce ai ya shekara yana yi bai ga komai ba. To, ƙarfe ba ya kuka. Haƙoran da ke kulle sakata suna lotsewa a hankali, tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi tana ƙaruwa, sai ranar da kwanso zai tsage daga gindi iskar wuta ta dawo baya. Wanda ya ba da shawarar a majalisar shayi ba ya nan ranar. Abin da ke ƙona mini rai ke nan: mutum bai taɓa riƙe ma'aunin tazara ba, bai san sunan sassan bindigarsa ba, amma ya kalli rabin bidiyo ya zama malami, yana ba da fatawa a kan abin da ke iya kashe ɗan wani. Allah Ya ce a Suratul Baƙara kada mu jefa kanmu cikin halaka da hannuwanmu, balle mu jefa yaron da ya biyo mu don ya yarda da mu.

Ɓarnar mai ba ta tsaya nan ba. Mai marar kauri irin na keken ɗinki ko WD-40 yana iya tsiyayewa ya shiga 'yar hular da allura ke bugawa a gindin harsashi. Sai ka danna ka ji shiru, ko wutar ta yi jinkiri ta tashi bayan ka fara buɗe sakata. In hakan ta faru, ka bar bakin bindiga yana kallon inda ba kowa, ka jira aƙalla sakan 30 kafin ka buɗe sakata. Man da ya taru a cikin bututu shi ma yana ƙara matsi, har yakan kumbura bututun. Ga kuma ƙurarmu. Italiyawa sun ƙera bindigar Breda ta 1930 da famfon da ke ɗiga wa kowane harsashi mai, da suka kai ta hamadar Libiya sai man ya riƙa tara rairayi tana cijewa. Wadda aka ƙera don mai ke nan.

Taurin farko da ya kawo duk wannan, na fi zargin abubuwa uku. Laimar Jidda tana sa tsatsa a mazaunin harsashi in an ajiye bindiga ba a goge ba. Harsasan da suka yini a cikin mota da rana matsinsu yakan hau. Ko kuma haƙoran sakata ne suka bushe. Nan ne kaɗai ake ɗan taɓa giris na bindiga, kamar ƙwayar gero, a bayan haƙoran da kuma gangaren da hannun sakata ke hawa. Mazaunin harsashi da bututu kuwa, in ka sa musu mai don ajiya, ka bi su da tsumma mai tsabta har ya fito a bushe kafin ka fita.

Ka kai bindigar wurin mai gyara mai lasisi, ka tafi masa da kwanson nan masu tabo, ka gaya masa gaskiyar cewa ka harba da mai. Ka ce ya auna tazarar sakata da ma'auni, ya leƙa mazaunin da fitila. Harsasan da man ya taɓa kada ka jefa su a shara ko a wuta, kada kuma ka ba wani. Ka tambayi shagon da ya sayar maka da su yadda za ka miƙa su.